Turmin Baba Ya Fi Ƙarfin Tirelata

Goggo Zuwaina, don girman Allah ki agaza mini, abin da na haɗa da hannuna yana neman raba ni da mahaifina.

Shekarata goma sha tara ina auna kaya a filin jirgi, har ta kai in na ɗaga jaka nakan riga sikeli faɗin nauyinta. Baba kuwa mutumin rairayi ne, a garin Bidiya da ke bakin hamada aka haife shi, cikin raƙuma ya girma. Tun da ciwon gwiwa ya kama shi muka dawo da shi wurinmu a birnin Sib, shekara shida ke nan bai kwana a daji ba. Da sanyi ya shigo sai ya zauna a ƙofar gida ya zuba wa katangar maƙwabci ido. Abin yana ci mini rai.

Shi ne na ƙudura zan haɗa 'yar tirela mai gado a ciki, wadda ƙaramar jif ɗina za ta iya ja, in kai shi ya kwana biyu a inda ya saba. Wata takwas ina fama, duk Juma'a da Asabar. Ƙarafanta na goran ruwa ne, wato alminiyon, jikinta falanki mara kauri, na cusa soso a tsakani saboda sanyi, ƙofar kuma na yi ta ƙasa-ƙasa don kada hawa ya wahalar da shi. Ba notin da bai hau sikelin kicin na matata Shamsa ba, har ta ce in na gama da notina in zo in auna haƙurinta. Tirela ta tashi kilo ɗari uku da tamanin, motar kuma ba ta jan abin da ya haura ɗari shida. Na cike ragowar da ruwa lita tamanin, itacen wuta, ƙaramin firji da batirinsa, tukunyar gas, da talabijin ta kallon ƙwallo. Kada ki yi dariya. Lissafi ya fita cif, ko allura ba ta da masauki.

Ranar da na nuna masa ya zagaya ta, ya shafa katifar, har na ga idonsa ya kawo ruwa. Washegari na dawo daga aiki na tarar da tulin kaya a tsakar gida: turmin gahawarsa na tagulla da taɓarya, butoci uku, manyan dardumai biyu, matasai shida, buhun dabino, da tukunyar da ke cinye rabin akuya. Goggo, mu uku ne fa za mu tafi, ni da shi da Shamsa! Na ce, "Baba, wa muka gayyata?" Ya ce, "Kai, a daji gayyata ake yi? Ai turmi ke kira." Ni kuma hali zanen dutse, na ɗauko sikeli na auna kayan ɗaya bayan ɗaya a gabansa, kilo casa'in da huɗu, na manna wa turmin irin takardar da muke manna wa jakar da ta wuce ƙa'ida. Wallahi da wasa na yi. Na kuma ɗago ledar garin gahawa na ce ga wadda aka daka mana tun daga kanti.

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Sannu ma'aikaci. Ka yi wa ubanka akurki, in baƙo ya sauka sai ka zuba masa talabijin ya sha." Ya rungumi turminsa ya shige ɗaki.

Yau kwana tara gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, kuma ya ce ba inda za shi. Shamsa ta bi bayansa, ƙanwata Moza ta bugo waya daga Sur ta wanke ni tas. Amma ba rowa ba ce, na taɓa ganin tirelar da aka danne da kaya tana rawa a titi har ta kifar da mota. Sanyin saura mako biyar ya wuce, kuma yadda gwiwar nan ke tafiya ban san ko baɗi zai iya zaman mota na awa uku ba. Ya zan yi?

Mai Sikeli, Sib

Ɗana Mai Sikeli,

Na yi dariyar, ka yafe ni. Sai dai kafin in ja kunnenka, kana da gaskiya a kan nauyi. Mota ba ta san kara ba, kada ka ɗora mata ko kilo ɗaya fiye da ƙarfinta don faranta wa wani. Ɗan da ya sadaukar da hutunsa na wata takwas saboda ubansa kuwa, Allah ya yi masa albarka.

Kuskurenka shi ne ka ɗauka gado Baba yake kewa. Gado ai yana da shi a Sib. Shekara shida shi ake zuba wa gahawa, shi ake miƙo wa abinci. Abin da ya rasa shi ne ya zauna a bakin shimfiɗarsa yana daka, mai wucewa ya ji ƙarar ya karkato, a tambayi juna labari, shi ya zuba da hannunsa. Takardar nan da ka manna wa turmi, a goshinsa ya ji ta.

Lissafin kuma ba wuya, ina mamakin gwani irinka. Yaushe aka daina sayar da ruwa da itace a Bidiya da za ka jawo su tun daga Sib? Ka kai tirela masauki ka kwance ta, ka koma gari da motar ka ɗebo, kayan Baba sun samu wuri har da rara. Talabijin ta zauna ta yi gadin gida. Masu nauyi ka jera su ƙasa, saitin tayoyi, ka ɗaure tamau, ka gwada ja a unguwa kafin ranar tafiya.

Gobe bayan la'asar ka sayi ɗanyar gahawa ka shiga ɗakinsa, ka zauna a ƙasa ka ba shi haƙuri. Kada kalmar kilo ta fito daga bakinka.

In kun isa, mai yiwuwa ya yi ta daka ba wanda ya leƙo, don masu wucewa yanzu gilashin mota a rufe suke tafiya. In haka ta faru, ka sulale ka zagaya bayan tudun rairayi, ka gyara rawaninka, ka fito ta gaba ka yi masa sallama daga nesa. Ka bari ya ce maka bismillah ka zauna, ya zuba maka.

Allah ya kai ku lafiya, ya ƙara wa Baba kwana, ka gaishe mini da Shamsa.

Goggo Zuwaina