Bindigar da Sajan ya ce tawa ce

Laraba da dare, Yuli 2006, Samaru

Yau aka kafa sunayen matan da za a koya wa harbi da ƙaramar bindiga, babu nawa a ciki.

Makon jiya Sajan Bulus, mai kula da ɗakin makamai a ofishinmu na 'yan sanda da ke Sabon Gari, ya ajiye mini bindigogi guda biyu a tebur, babu harsashi. Ta farko ta yi mini nauyi, yatsana ma bai kai kunamar ba. Ta biyu kuwa ta zauna daram a tafina. Ya ce, "Rahila, wannan ce taki."

A motar komawa gida na faɗa wa Asabe abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: tun ranar da 'yan fashi suka harbe Baba a gabana, ƙarar bindiga na sa hannuna rawa, shi ya sa nake so in koya. Tare muka shiga aikin nan, kwano ɗaya muke ci. Ta rungume ni har da hawaye.

Ɗazu Oga ya kira ni, wai an shaida masa ina da firgita, in ci gaba da zama a tebur. Asabe kaɗai ta sani, kuma ga sunanta a takardar waɗanda za a koya wa harbin.

Da na tare ta sai ta ce, "Don lafiyarki na yi, 'yar'uwa." Ta kasa kallon idona.

Gobe zan ba Oga labarin Baba da bakina, in roƙi a gwada ni. Yanzun nan ta turo saƙo, wai mu haɗu a tasha da safe kamar kullum. Acaɓa zan hau ni kaɗai.