Kun Yanke wa Buba Ramuwarsa

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ke shirya wasan barkwancin nan na Gona da Garke.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali da ma'aikata. Ni ne Isiyaku na Tudun Kaya, wanda sunansa ke wucewa a guje a ƙarshen shirinku da sunan marubuci. Na kira wayarka har na gaji, na zo ofis aka ce kana taro, na dawo aka ce ka yi tafiya. Shi ya sa na kawo maganar bainar jama'a, tunda a bainar jama'a aka yi ɓarnar.

Mahaifina Bahaushe ne manomi, mahaifiyata Bafulatana ce daga Fulatan ta ƙasar Rogo. Buba ɗan kawuna ne, wato taubashina. A wajenmu taubasai ba sa gaisuwar ladabi. Tun muna ƙanana in ya hango ni sai ya ce ga bawansa nan tafe, ni kuma in ce ai warin man shanu ya riga shi sallama. Wasan yana da doka guda: in ka faɗa, sai ka tsaya a rama. Wanda ya faɗa ya wuce, zagi ya yi. A kan wannan na gina shirin da na kawo muku, manomi da makiyayi taubasan juna, kullum suna tsiya, kullum suna cin tuwo a kwano ɗaya. Ga ƙorafina.

Na ɗaya. Na san zamani ya sauya, ba sai an yi mini karatu ba. Da na fara rubuta wasa a rediyo, ana ba labari rabin awa ya yi numfashi, mutane su taru a ƙofar gida su san halin kowa kafin su fara dariya. Daraktanku ya ce yanzu a waya ake kallo, yatsan mai kallo na kan allo, in bai dara ba nan take ya wuce. Na datse rubutuna. Kuka sa dariyar inji a bayan kowace magana, har a inda mutum ke yi wa ɗan'uwansa jaje, na haɗiye. Kuka cusa tallan sinadarin miya a bakin manomi yana tsakiyar rigima, na kau da kai. Duk wannan ban rubuto wasiƙa ba.

Na biyu. Ku ne kuka turo ɗan wasanku Fulatan don ya koyi yadda makiyayi yake. Buba ya sauke shi tare da darakta, ya yanka musu zabi, aka dama musu fura da nono mai kyau. Ya nuna masa yadda yake saɓa sanda a kafaɗa da yadda yake karkata malfa, ya bar shi ya kwaikwayi Hausarsa, yana ta dariyar kansa. Da aka nemi a yi amfani da sunansa ya yarda, da sharaɗi ɗaya tak, cewa kada a bar manomi ya ci shi da baki. Daraktanku ya dafa ƙirji a gabana ya ce an gama. Duk Fulatan sun ga zuwan motarku, don haka babu wanda bai san wane Buba ake nufi ba.

Na uku, kuma shi ne ya fi ci mini rai. Na rubuta fitowar da shanu suka shiga gefen gona. Manomi ya ce wa Buba shi da shanunsa hankalinsu ɗaya, ba su san gona ba, ba su san daji ba. Buba ya bari manomi ya gama, sannan ya ce masa shanun sun zo duba aikinsu ne, don dawar nan da yake taƙama da ita takinsu ne ya tsayar da ita, in ba haka ba ko tsuntsu ba zai sauka a gonar ba. Daga nan suka zauna cin abinci. Haka na rubuta, haka aka ɗauka, ina wurin.

Abin da kuka nuna wa duniya shi ne maganar manomi, sai fuskar Buba baki a buɗe, sai dariyar inji, sai talla. Shi kuka gutsuro kuka watsa a waya. Da na yi magana, darakta ya ce ramuwa dogon turanci ce, tana kashe dariya, kuma mutane sun fi tura wa juna inda Bafillace ya yi shiru. Daga nan abin ya zama sara. Kowane mako sai Buba ya tsorata da babur, ko ya yi wa rediyo sallama, ko ya faɗa kwata. Ban rubuta ko ɗaya daga ciki ba, amma sunana ne a ƙarshe.

Na huɗu. Ranka ya daɗe, kai kana Kano cikin sanyin ofis, mu ne muke zaune da abin. Ranar kasuwar Rogo, in Buba ya shiga kara, wajen cinikin shanu, 'yan acaɓa da dillalai sai su kunna masa gutsuren nan su ƙure murya. Magidanci ne mai surukai. Da damina aka sami saɓani kan burtalin shanu, wani maƙwabcinsa ya jefa masa maganar nan ta manomi, ba da wasa ba, da ƙyar dattawa suka kashe wutar. Ku da kuke birni ba ku san yadda magana irin wannan take da nauyi tsakanin mai gona da mai shanu ba, ko kuma kun sani ba ku damu ba.

Bana da aka gama girbi, Buba bai kawo shanunsa gonarmu ba, alhali tun zamanin iyayenmu a nan suke sauka da kaka. Na ce ko fushi ne na kwana biyu. Da aka yi suna a gidan kawu na je, na shiga da tsokana kamar yadda muka saba. Sai ya miƙe tsaye, ya ba ni hannu biyu, ya ce:

“Malam Isiyaku, barka da zuwa. Ya iyali? Ya aiki?”

Ya sa aka shimfiɗa mini tabarmar baƙi a zaure, aka kawo mini abinci ni kaɗai. Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Mahaifiyata da ta ji ba ta yi faɗa ba, ta dai tambaye ni ko da hannuna na rubuta wa ɗan ɗan'uwanta wannan wulaƙanci. Na rantse mata, amma ita abin da ta gani a waya ta sani.

Don haka ina roƙonka, don girman Allah, ka sa a sauke gutsattsarin nan daga shafukanku. A sake nuna fitowar gona cikakkiya, da ramuwar Buba yadda aka ɗauke ta, na san tana nan a na'urarku. In kun ga ba za ku iya wasan taubasai da dokarsa ba, ku cire sunansa, ku cire nawa, ku nemi wani abin dariyar. Sannan daraktan da ya ci zabin mutane ya dafa ƙirji, ya san hanyar Fulatan, ya koma ya faɗa da bakinsa cewa shi ya yanke.

Allah Ya ƙara maka lafiya da buɗi, Ya ɗaukaka kamfaninka, Ya tsare ka da ganin ranar da ɗan'uwanka zai karɓe ka kamar baƙo. Ni ba yabo nake nema ba, ba kuma kujera ba. So nake in shiga gidan kawuna a tare ni da tsiya, in rama, a rama mini.

Wassalamu alaikum.

Isiyaku, Tudun Kaya, Ƙaraye.