Jirgin da Ke Tsakanina da Jos

Litinin, 5 ga Fabrairu, 2024
Beauty ta sake kira daga Jos. Maganar dai ɗaya ce: "Baba, tun da Mama ta rasu me kake tsarewa a Kadawa? Ka taho wurinmu." Don ta ƙyale ni na ce ranar da ɗan jirgin ƙasan wasan da nake haɗawa ya zagaye layinsa, zan taho. Ta ce, "Alkawari?" Na ce alkawari. 'Yar nan ba ta san jirgin ko motsi bai taɓa yi ba.

Alhamis, 8 ga Fabrairu
Tubalan roba ne na wasan yara, masu maƙalewa da juna, na tsince su a gwanjo a kasuwar Kura. Da su na gina kan jirgin da tarago biyu. Dabarar ita ce: batirin sola ya ba layin dogo wuta, tayoyin ƙarfe su ɗauko ta, ta juya injin wata 'yar fanka da na mayar famfon iska, iskar ta bi robar ƙarin ruwa ta tura sirinji, sirinji ya juya taya. A baki kamar da sauƙi! Layin kuma da gwangwanayen tumatir na yi shi, na yanka su siri-siri. Duk yatsuna sun sha yanka.

Lahadi, 11 ga Fabrairu
Daga coci na biya ta kabarin matata Veronica. Ciyawa ta fito ta wajen kai, na cire. In na tafi wa zai riƙa cirewa?

Talata, 13 ga Fabrairu
Maƙwabcina Giɗaɗo ya kawo injin ban-ruwansa gyara. Ya tsaya yana kallon falona ya cika da gwangwani, ya ce, "Injiniya, da furfurarka?" Na ce ai kai ma da furfurarka kake hira da saniya. Ya yi dariya har da tari. Da ya tafi gidan ya ƙara yin shiru. Matarsa Asta ta aiko da fura, na sha rabi, rabin ya kwana.

Juma'a, 16 ga Fabrairu
Bai motsa ba. Madalla.

Talata, 20 ga Fabrairu
Gaskiya na gano matsalar tun makon jiya. Gwangwanin tumatir akwai wani shafe mai sheƙi a jikinsa, wuta ba ta ratsa shi. Kankarewa kawai ake yi, aikin yini ɗaya. Takardar gugar ƙarfe na nan a kan tebur, ina wuce ta ina kau da kai. Motocin tumatir sai wucewa suke ta bakin kanal ɗin ban-ruwa, kowa na da inda za shi.

Asabar, 24 ga Fabrairu
Na kasa haƙuri. Duk rayuwata ban taɓa ganin inji ya lalace na san ciwonsa na bar shi ba, hannun ne ba ya yarda. Na ce bari in kankare taku ɗaya kawai in gwada. Kafin la'asar na gama layin gaba ɗaya. Kai, Abednego, ba ka da wayo.

Lahadi, 25 ga Fabrairu
Ya tashi.

Na maƙala waya a batir, famfon ya fara tsuwwa, sirinjin ya ja numfashi, fush, fush, kamar tsohon da ya hau tudu. Sai ga shi yana tafiya! Ya wuce ƙafar kujera, ya bi ta ƙarƙashin tebur, ya dawo gabana yana rangaji. Na miƙe tsaye ban sani ba, na kwaɗa kira, "Maman Beauty, zo ki gani!"

Na ma juya wajen ƙofar kicin ina jira.

Jirgin ya yi ta zagayensa, ni kuma na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Kaɗaici ya ishe ni. Yau na faɗa, ko da takarda ce kawai ta ji.

Litinin, 26 ga Fabrairu
Na nuna wa Giɗaɗo wurin kabarin. Ba don komai ba, hanya ce ta bi da mu. Ya tsaya daga bakin shinge ya daɗe, ya ce, "Injiniya, ciyawa ai aikinmu ce."

Talata, 27 ga Fabrairu
Beauty ta kira. "Baba, ya jirgi?" Na ce da saura, abin ba na gaggawa ba ne. Ta ce to, muryarta ta yi ƙasa. Har za ta kashe na ce ta tsaya, na tambaye ta falon nasu tayil ne ko siminti, don layin nan ba ya son gargada ko kaɗan.

Ta ce, "Tayil ne, Baba. Sumul yake."

Na ce to, tambaya ce kawai.