Ragunan Kawu Labbo

Talata, 6 ga Yuli

Kwana goma sha tara ba ɗigon ruwa. Geron da anka shuka a Tsamaye ya fito, ya murɗe, ya kwanta.

Kawu Labbo, ƙanen innata, ya zo da hantsi da raguna huɗu, balamai. Su kaɗai sunka rage mishi. Ciyawa babu, dusa ta fi ƙarfinshi. Yac ce, "Jibrilla, an ce kana saida kaya cikin waya. Saida min su tun ba su koma ƙashi ba."

Ni kilishi da cukun Nijar nike sawa a manhajar saye da sayarwa ta waya, ban taɓa sa abu mai rai ba. Amma dillalan kasuwar Sabon Birni sun taya su tayin wulaƙanci, don sun san kowa saidawa shike. Na ɗauke su hoto jikin katangar masallaci, inda haske ke ɓoye haƙarƙari.

Asabar, 10 ga Yuli

An saya. Duka huɗun, ba ciniki. Wani Alhaji Wakili a Abuja, da kati ya biya. Ya kira ni da kanshi, murya mai sanyi, har da tambayar ya damina. Nic ce sai addu'a.

Saude tac ce, "Baban Bilki, mutumin da ba ya neman ragi, ni tsoro shike ba ni." Na yi mata dariya. Matata ko kasuwar Isa ba ta taɓa zuwa ba.

Laraba, 14 ga Yuli

Ibrahima direba ya loda su a motarshi ta shanu. Kawu ya riƙe ƙahon babban har saida mota ta tashi.

Juma'a, 16 ga Yuli

Sun isa lafiya. Ibrahima ya turo hotonsu a ƙofar wani gida mai jan get. Kuɗɗi sun shiga asusuna na manhajar. Na tahi Tsamaye in gaya ma Kawu.

Ya ƙi karɓa. "Bar su cikin wayar nan. Gida ba wurin aje kuɗɗi ba na yanzu, ka san waɗanga mutane na daji. In kaka ta yi, ka sai min hatsi da su. Gonar bana ba ta ciyar da mu."

Mutum goma sha ɗaya ke ci a gidanshi.

Talata, 20 ga Yuli

Sallah. Ba mu yanka ba. Na tuna babban ragon, ko wa ke cin hantarshi yau.

Litinin, 23 ga Agusta

Ruwa ya zo sau biyu ya sake ɗaukewa. Dawa ta yi tsawon gwiwa ta tsaya nan.

Alhamis, 16 ga Satumba

Ban san ta inda za ni fara ba.

Na buɗe manhajar in ga wani odar kilishi, sai na iske asusun wayam. Kuɗɗin Kawu, da nawa na cuku da ke ciki, duka. Ga saƙo da Turanci: mai katin ya gaya ma bankinshi ba shi ya yi sayayyar ba, banki ya janye kuɗɗin. Wata biyu bayan an ci naman. Sun ba ni kwana bakwai in kawo hujja.

Na kira Alhaji Wakili. Lambar ba ta shiga. Na kira har batir ya mutu.

Asabar, 18 ga Satumba

Na samu wata yarinya ta kamfanin a waya. Tana da ladabi, Allah ya sani. Tac ce suna da kariya ga masu saidawa, amma sai in an aika kaya ta kamfanin aike mai rajista, da lambar bibiya, da sa hannun wanda ya karɓa. Nic ce, "Baiwar Allah, wane kamfanin aike ke ɗaukar rago?" Tac ce ai dabba mai rai ma ba ta cikin abin da suke karewa, shina rubuce a sharuɗɗan da na amince da su.

Na amince da su. Na tuna ranar, a shagon caji, na danna ban karanta ba.

Ibrahima ya ce wani maigadi ne ya karɓi igiyar, bai tambayi sunanshi ba. Ya yi alkawarin komawa gidan ya ɗauko min hoton lambar gida da titi.

Talata, 21 ga Satumba

An yanke sabis a ƙasarmu duka, wai don 'yan bindiga. Saura kwana biyu.

Alhamis, 23 ga Satumba

Akwai wani tudu wajen iyaka inda sabis ɗin Nijar ke kamawa. Na sayi layinsu, na hau babur tun da asuba. Mun fi mutum hamsin a kai, kowa ya ɗaga waya sama. Hoton Ibrahima ya ƙi saukowa sai bayan la'asar. Na tura.

Sun amsa nan take, amsar inji. Hoton get ba hujja ba ne. An rufe ƙarar.

Na zauna ƙasa. Wani tsoho kusa da ni shina ta ihu cikin waya, "Ku turo ko nawa na!" Ban san da wa shike ba.

Lahadi, 3 ga Oktoba

Kawu ya zo. Ya rame, rigar ta yi mishi yawa. Sun girbe gonar duka, dami shidda.

"To, Jibrilla, lokaci ya yi. Kuɗɗin buhu nawa suke kaiwa?"

Nic ce goma sha biyu, in an dace. Bakina ne ya faɗa. Ya ɗaga hannu ya yi min addu'a mai tsawo, har da Bilki da zuriyarta.

Bayan ya tahi Saude tac ce, "Ka gaya mishi gaskiya, kawunka na, ba zai kashe ka ba." Nic ce in na gaya mishi, gaskiyar za su dafa? 

Laraba, 6 ga Oktoba

Na saida babur.

Juma'a, 8 ga Oktoba

Kuɗɗin babur buhu shidda za su saya, nan ma ba a ƙasarmu ba. A kan tudu na samu wata mai saida hatsi a manhajar, sunanta Laraba, daga wajen Zuru. Farashinta da sauƙi. Na biya da katina.

Ta turo saƙon murya. Ta ce ita da 'yan'uwanta mata ke haɗa hatsin, wannan ne cinikinta mafi girma tun da ta fara. "Allah ya saka da alheri, Malam. Motar kasuwa za ni sa ma, kamfanin aike tsada."

Na saurari wurin nan sau biyu. Motar kasuwa.

Alhamis, 14 ga Oktoba

Buhu shidda sun iso, cif. Na kai Tsamaye a amalanke. Matan gidan sun fito suna guɗa. Kawu ya zura hannu cikin buhu har gwiwar hannu, ya jima bai fidda ba. Yac ce, "Sauran fa?" Nic ce suna hanya.

Shidda, ga mutum goma sha ɗaya. Ba su kai su ko tsakiyar rani.

Asabar, 16 ga Oktoba

Na je tudu a ƙasa. Na buɗe wurin ƙorafi na manhajar in gani kawai. Layi uku ne. Na biyun: kaya bai iso ba.

Na jima tsaye.

Talata, 19 ga Oktoba

Na koma tudu, na danna layi na biyun. Kamfani ne ya tsara abinshi haka, ba ni ba. Sun ba Laraba kwana bakwai, in tana da hujja ta kawo.

Laraba, 27 ga Oktoba

Kuɗɗin sun dawo. Na sayi wasu buhu biyar a Isa, hannu da hannu. Kawu ya ce bai taɓa ganin ɗa irina ba.

Saude ta tambayi inda sunka fito. Nic ce kamfani ya gyara kuskurenshi. Ta dube ni, ta ɗauki tulu ta fita.

Lahadi, 31 ga Oktoba

Jiya da na hau tudu saƙonnin murya tara sunka shigo, duka na Laraba. Na buɗe na farko. Ta fara da gaisuwa, har da tambayar iyali. Na kashe daga nan.

Yau ban je ba. Ba ni da abin yi can, kuma tafiyar da nisa ba babur.

Kawu ya aiko mana da tiya biyu daga cikin na Zuru, Saude ta yi tuwo. Ita ba ta ci ba, wai cikinta. Ni na ci malmala biyu. Hatsin mai kyau ne, an sheƙe shi tas, ko tsakuwa ɗaya ban tauna ba.