Inda Durwa Ta Haihu

Zuwa ga mahaifiyata, Inna A'i,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki gaisuwar 'ya ga uwarta, gwiwa biyu a ƙasa, tare da fatan wannan rana ta same ki cikin sanyi da yalwa a makwancinki. Mu nan gida lafiya lau muke. Damina ta yi kyau, gero ya fara fitar da kai, waken gonar bayan gari ya yi yaɗo. Yau watanki bakwai da barinmu.

Na san masu karanta wannan takarda za su yi dariya in sun ga dalilinta. Wata ma za ta ce Dije ta rasa labarin da za ta kai wa uwarta sai na karya. To, su yi ta yi. Ke kin san karyarmu Durwa, kin san shekara shida tana gadin awakinki ba a taɓa ɗauke mana ko ɗan akuya ba. Jiya ta haihu, Inna, kuma saura ƙiris ta haihu a inda ba za mu ga 'ya'yan da rai ba.

Haihuwarta biyu na baya duk ke kika karɓa, lokacin ina koyarwa a Gummi. Labari kawai nake ji, wai Inna A'i ta zama ungozomar karnuka. Da na yi miki maganar surutun mutane, cewa kika yi, "Mi kika tsoro? Ruwa na nan, ƙasa na nan, in kin ƙare ki wanke hannu ki yi sallakki." Na yi dariya na wuce, ban tsaya na tambaye ki yadda ake yi ba. Da nonuwan Durwa suka fara cika a wannan karon, sai na ga ashe ban san komai ba.

Sai na tafi wurin Malama Rifkatu ta ɗakin shan maganinmu, wadda kike aika wa tuwon sallah. Su a garinsu kare ɗan gida ne, ta taso tana ganin haihuwarsu. Ta zaunar da ni ta lissafa mini kayan da zan tanada, ni kuwa ina rubutawa a bayan takardar jarrabawar yara kamar za a tambaye ni a gaban hukuma.

Ranar kasuwar Bukkuyum na hau kabu-kabu na tafi. Na sayo sabuwar reza da farin zaren ɗinki, saboda cibiya in uwar ta kasa yanke ta da kanta. Na sayo sabulu, da robobi biyu, ɗaya ta ruwa ɗaya ta abinci, na roƙi wani mai shago babban kwali. A kemis na karɓi safar hannu da 'yar kwalbar aidin, maganin shafa wa ciwo. Mai kemis ya dubi kayan, ya dube ni, ya yi addu'ar Allah ya raba lafiya, har yana tambaya ko matar Yaya Bello ce. Na amsa da amin da ƙarfi, na fice kafin ya ƙara wata tambayar.

A gida na yayyaga tsofaffin riguna na yi tsummoki, na wanke na shanya. Na tanadi kwalba da zan cika da ruwan ɗumi in naɗe da tsumma, don kin san sanyin damina ba ya barin jariri, ko na mutum ko na dabba. Na rubuta lambar wayar malamin dabbobi da gawayi a jikin bango, ko da za ta daɗe tana nishi ba abin da ya fito. Har na fara jin kaina wata babbar likita.

A nan ne na yi wauta. Ɗan ɗakin itacen nan da ke jikin ɗakinki, inda kike sa ta haihu, na shiga na tarar da tsohon buhu da tsummokin da kika bari a lungu. Na ce wannan ai ƙazanta ce. Na kwashe su na ƙone, na share, na wanke dandamalin da maganin nan mai wari na asibiti, har sau biyu. Na yanke bakin kwalin, na shimfiɗa sababbin tsummokina, na jera kaya a kan faranti. Durwa ta zo bakin ƙofa, ta sunsuna, ta yi atishawa, ta dube ni irin kallon da kike mini in na cika gishiri a miya. Sai ta juya ta nufi ƙarƙashin rumbu.

Inna, ke ba sai na gaya miki abin da ke ƙarƙashin rumbun nan ba, amma bari in faɗa saboda masu karatu. A shekarun da kowane gida ake daka dutsen zinariya, a nan Yaya Bello yake tara buhunansa, garin dutsen yana zuba. Ba wanda ya san akwai gubar dalma a ciki sai da yara suka fara jijjiga. An kai Rabi, 'yar Yaya Bello, asibiti a Anka, ba ta dawo ba. Da masu aikin kawar da gubar suka zo suka kankare ƙasar gidaje suka zuba sabuwa, hannunsu bai kai tsakanin duwatsun da rumbun ke zaune a kai ba. Ke kika toshe wurin da tubali da ƙaya, kina cewa, "Wagga ƙasa ta ci muna ɗiya guda, ba ta ƙara cin komi nawa, ko ɗan tsako na."

Ruwan bana ya zaizaye tubalin, ni kuma ban lura ba. Durwa ta sami kafa ta shiga, ta tona rami daidai jikinta. Wurin da sanyi, da duhu, ba mai damunta, a ganinta ta sami ɗaki. Malama Rifkatu ta ce in ta haihu a can, 'ya'yan a cikin ƙasar za su yi ta birgima, su tsotse ta a jikin nono, kuma da wuya su kai sati biyu.

Kwana uku muna wasan ɓuya da ita. In toshe gabas ta tona yamma. Na kai mata romon ƙashi cikin ɗakin itace, ta shiga da ƙafa biyu ta lashe, ta yi baya ta fita. Na ɗauko igiya zan ɗaure ta, sai na tuna faɗanki ranar da Yaya Bello ya ɗaure akuya mai ciki a rana: "Ba a ɗamre mai ciki, ko dabba ta." Na mayar da igiyar inda na ɗauko ta.

Jiya da hantsi ta ƙi abinci. Sai haki take, tana zagaye tsakar gida, hancinta duk jar ƙasar rumbu. Na aika aka kira Malama Rifkatu, ta duba ta ce yau ne. Ta ce karya mai naƙuda ba tsabta take nema ba, inda take jin warin wanda ta yarda da shi take nema, ni kuwa na wanke naki na ƙone. Ta tambaye ni ko akwai wani abu naki da ya rage ba a wanke ba. Na ce babu. Ta ce za ta koma wurin marasa lafiya, in kira ta in abu ya yi tsanani.

Ƙarya na yi mata, Inna, kuma yau zan gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba. Ranar da Goggo Hajo ta tara kayanki za a wanke a raba, na zare zane ɗaya na ɓoye. Shuɗin nan da ya koɗe, mai ƙunar garwashi a gefe, wanda kika ɗaura a satinki na ƙarshe. Na ƙulle shi a leda biyu na tura ƙasan akwati. Yana warin hayaƙin kara, da daddawa, da man kaɗe da kike shafa wa ƙafa. Duk ranar da kewarki ta yi mini yawa sai in ɗan buɗe bakin ledar in shaƙa, in yi maza in rufe don kada ya ƙare. Hotonki ina da shi, muryarki ma tana cikin wayata, amma warinki a nan kaɗai ya rage.

Na zauna a bakin gado da ledar a cinya, ina jin Durwa tana tonon ƙasa a waje. Na san abin da haihuwa take yi wa shimfiɗa. Na ce a raina dabba ce fa, ta haihu inda ta ga dama. Amma na kasa tashi in mayar da shi akwati, don na san da kina nan ko kallon zanen ba za ki yi sau biyu ba. Na kwance ledar, na binne fuskata a cikinsa na daɗe, sannan na kai shi na shimfiɗa a cikin kwalin.

Ban kira ta ba ma. Ta ɗaga kai daga bakin rami, hancinta yana rawa, ta taho da sauri irin wanda ban ga ta yi ba tun da cikin ya tsufa. Ta shiga ɗakin tana kaɗa wutsiya tana dube-dube, ta leƙa bayan itace, ta leƙa bayan ƙofa. Ke take nema, Inna. Da ba ta gan ki ba sai ta yi wani ɗan kuka a maƙogwaro, ta zagaya zanen sau uku ta kwanta. Na samo ruwan ɗumi na goge mata hanci da ƙafafu da nonuwa, ta bar ni na yi, abin da ba ta taɓa yarda ba.

Kafin azahar na fari ya fito cikin 'yar jakarsa. Ita ta yaga, ita ta lashe, ita ta cije cibiya, ni da farantina muna gefe muna kallo. Haka na biyu da na uku da na huɗu. Na biyar ne ya zo ta gaji, ta bar shi kwance a jaka ba motsi. Na sa safar hannu na yaga, na share masa hanci da baki, na yi ta murza shi da tsumma har ya yi 'yar ƙara. Na ɗaure cibiyar da zare, nisan yatsu biyu daga ciki, na yanke da rezar, na ɗiga aidin. Kafin la'asar su biyar suna jere a nono, uku maza biyu mata. Na yi wanka na canza kaya na yi sallata, yadda kika ce.

Yau da safe Yaya Bello ya kwaɓa ƙasa ya liƙe ƙarƙashin rumbun ƙwarai da gaske. Ni kuma na canza musu shimfiɗa, don ba a barin jarirai a kan jiƙaƙƙe. Na ɗago zanenki, jini da ruwan haihuwa sun rine shi. Duk da haka sai da na kai shi kusa da hancina. Babu ke a ciki, Inna. Na tsuguna a bayan ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da ke, sannan na ɗebo ruwa da sabulu na wanke shi da hannuna. Yana kan igiya yanzu, fes da shi, kamar zanen kowa.

Ki yafe mini ɓoye shi da na yi, zan kuma je in gaya wa Goggo Hajo da Malama Rifkatu gaskiya. Ban yi nadama ba, amma da zafi, kuma ba zan ce miki ba zafi ba.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya sa tausayin da kika yi wa marasa baki ya tsaya miki ranar da baki ba ya amfani. Allah ya haɗa ki da Rabi a inuwa ɗaya, ya ba mu haƙurin rashinki, ya sa mu cika da imani in tamu ta zo. Amin.

Taki har kullum,
'yarki Dije.