Itacen Ya Daɗe da Bushewa

Zuwa ga Orrin, sanyin idona, hantsin da ke narkar da ƙanƙarar kogin Grand, zaƙin farkon ruwan itacen mapul, kai katangar da babu ƙwallon da ya taɓa wuce ta yana dariya!

Ka yi haƙuri da rubutun. A makaranta aji ɗaya ka fi ni, shekara uku muna wuce juna a baranda, abin da na iya ce maka kaf bai wuce “sannu” ba, shi ma bango nake kallo. Yanzu na cika sha takwas, wata mai zuwa zan gama sakandare, na ga idan ban yi magana ba sai dai jirgi ya tashi da kai ya bar ni da sannuna.

Wa ya kai ka kyau? Ina nufin a 'yan lokutan da ake ganin fuskarka. Tun muna yara, da zarar an kwashe ƙanƙarar da ake wasan hunturu a kanta a zauren wasa na garinmu Ohsweken an fara lakros, wasan ƙwallo da sanda mai koma, a kan siminti, sai a cusa ka cikin sulken mai tsaron raga, ka koma kamar katifa mai ƙafafu, idanu biyu a bayan kejin hular kwano. Su nake ƙauna. Ƙamshinka kuwa, ya furen kakata, yakan riga ka shigowa ya kuma daɗe bayan ka fita, tunda ka rantse ba za a wanke sulken ba muddin kuna cin wasa. Ni kaɗai ce a garin nan ban taɓa yi muku addu'ar faɗuwa ba.

Da ƙungiyar ƙwararru ta ɗauke ka bara, gari ya ɗauki guɗa. Kakar wasa guda ina gaban talabijin kowace Asabar, ina kallonka a benci kana buɗe wa 'yan wasa ƙofa suna shiga suna fita, domin aikin gola na biyu ke nan. Kai, ban taɓa ganin wanda ya iya buɗe ƙofa kamarka ba! Ran Litinin kuma sai ga tauraron namu a kan rufin gidan mutane da guduma, kawunka na yi masa tsawa. Ina wucewa ta ƙasa da jakar littattafai, zuciyata na bugawa tare da gudumar.

Ka tuna ranar da ka zo wurin kakana, Kaka Elwood, ka ce ya sassaƙa maka sandar lakros ta katako? Ba ta filin kuɗi ba, ta wasan Mahalicci, kamar yadda mutanenmu ke kiran na gargajiya, wadda za ta raka ka har kabari. Ya tsaga itacen hikori, ya turara shi, ya lanƙwasa, ya ɗaure, ya rataye a rumfa, ya ce sai ya shekara. Tun daga nan duk Lahadi sai ga motarka, wai ka zo duba itace. Ka shiga rumfa, ka tsaya ka zuba masa ido kamar zai yi fure. Ni kuma in kawo maka miyar masara, in ajiye a bakin ƙofa, domin a al'adarmu hannun mace ba ya taɓa sandar, ni kuwa ko inuwarta ina kaucewa. Ka ce wa kwano “na gode”, in ce wa takalmina “ba komai”. Wace soyayya ce a duniya ta kai wannan fasahar zance?

Sai ga labari an sayar da kai ga wata ƙungiya can yamma, kusa da duwatsu, inda za ka tsaya a raga da kanka, wani ya riƙa buɗe ƙofar. Na yi murna, wallahi na yi, har na jiƙa matashin kaina da murnar. Kaka ya ce Asabar zai miƙa maka sandarka. To idan ta bar rumfa, me kuma zai kawo ka gidanmu?

Na cire kunya na roƙe shi ya ce maka itacen bai gama bushewa ba. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, “Lorelle, 'yar nan, ai tun kafin agwagin daji su dawo ya bushe ƙarau. Sau uku ina ce wa yaron ya ɗauka, sai ya latsa da yatsa ya ce da sauran danshi.” Matarsa, Kaka Verna, tana murza ƙullu ta ce, “Yaron da ƙwallo ke dukansa a ƙirji bai ƙifta ba, amma kwanon miya ya sa shi in'ina! Ku biyun nan sai mun mutu kuna sannu da na gode.”

Orrin, da gaske ne? Ko kuwa kai dai mai tsananin kula da itace ne, ni na ba kaina wahala? Idan haka ne ka yaga takardar nan, ka ɗauki sandarka, zan ci gaba da kallonka a talabijin kamar kowa.

Ba na roƙonka ka fasa tafiya. Ka sha dukan ƙwallo tun kana ɗan mitsitsi don wannan ragar, ka je ka tsare ta. Ni ma jami'a na jirana. Zan jira ka kamar yadda gona ke jiran narkewar ƙanƙara, ba kuma zan kai wa kowa miya bakin rumfa ba. Abu ɗaya nake so. Ran Asabar, idan Kaka ya ba ka sandar, ka kai ta mota ka kulle, ka dawo hannu wofi. Kada ka bi ta rumfa, babu sauran abin dubawa a can. Ka zo ta ƙofar gaba ka ƙwanƙwasa. Ka shekara kana buɗe wa mutane ƙofa, wannan karon ni zan buɗe, kuma zan yi ƙoƙari in kalli sama da takalmina.

Taka, a ɗanye da a bushe, har ranar da za a kwantar da kai da sandarka,

Lorelle