Ƙarfe Nawa Abin Ya Fara

Lahadi da hantsi

Zuwa ga Telata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, yaya jikin? Yaya hannun da ƙafar? Ina fatan kina motsa su yadda likita ya ce, ba kina yi wa Ummi kallon nan naki har ta haƙura ta ƙyale ki ba. Ki gaishe ta, ita da maigidanta da jikokina. Ni lafiyata ƙalau, sai kewa.

Na koma rubutu ne saboda waya ba ta yi mana adalci. In na kira, kina fama da kalma ɗaya, ni kuma sai in yi azarɓaɓin ƙarasa miki, ki ji haushi, sai 'yar tamu ta karɓe wayar ta ce kin gaji. Takarda kuwa tana da haƙuri. Ki sa tabarau ki bi ta a hankali, ko da kwana uku za ki yi.

Ga labari. An kawo mana sababbin motocin asibiti goma sha biyu, farare tas, har mutum na jin kunyar taka su da takalmi. Aka tara mu a gareji aka ce daga yanzu babu sauran direba zalla. Duk mai shiga motar sai ya yi kwas na wata huɗu, ya iya tsayar da jini da danna ƙirji da sa wa mutum iska. Wanda ba zai iya ba a mai da shi sito ya riƙa jera bandeji. Tsofaffin abokan aikina uku duk sun zaɓi sito. Ni na rubuta sunana. Shekara ashirin da uku ina jan motar asibiti, yau ga ni a benci da littafi da biro, cikin sa'annin Ummi. Har sun raɗa mini suna Baba Jiniya.

Kada ki ɗauka son aiki ne. Ranar da Ummi ta zo ta tafi da ke, wata goma sha ɗaya ke nan, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce da ni ban san yadda ake kula da mara lafiya ba. Gaskiya ta faɗa. Ni hanya na sani. Na san lungun da ake bi in kasuwa ta cushe, na san kowane rami tsakanin gada da asibiti. Abin da ke faruwa a bayan motar ba nawa ba ne. To yanzu so nake in karɓi takardar shaidar nan in ajiye a gabanta, in ce ga shi, a ba ni matata.

Gida yana nan yadda kika bar shi, sai dai ya yi mini yawa. Na sa wa keken ɗinkinki mai, na mai da mayafinsa. Kofin shayinki da mariƙinsa ya karye yana kan kanta, ban zubar ba. Maƙwabciyarmu kullum sai ta tambaye ki. A tsaye nake cin abinci yanzu, don in na zauna sai in riƙa kallon wurin zamanki.

Allah ya ƙara sauƙi. Ki huta lafiya.

Naki,
Direbanki

*

Juma'a da la'asar

Telata,

Sallama da fatan alheri. Yaya ƙarfin jiki? Ummi ta ce kin karanta waccan da kanki, har kin yi dariya a kan Baba Jiniya. Iyakar abin da ta ce ke nan ta kashe wayar. Ban san me na yi wa yarinyar nan ba da gaisuwarta ta zama a taƙaice haka, amma ki gaishe ta.

Kin tuna labulen nan kore mai furanni? Shekarata ta farko a aiki, na dawo na kasa cin abinci kwana biyu saboda abin da na hango ta 'yar tagar da ke tsakanina da bayan mota. Sai kika ɗauko ragowar yadi kika ɗinka mini labule daidai tagar. Mota uku na canja, labulen na bi na. To sababbin motocin babu taga, ƙofa ce a buɗe, in ka waiga sai ka ga mutum tun daga kai har ƙafa. Jiya aka janye tsohuwar motata. Kafin a tafi da ita na shiga na cire labulen. Yana aljihuna.

Mai koyar da mu wata gajeruwar nas ce, Sista muke ce mata. Muryarta ta fi jiniyata. Akwai mutum-mutumi na roba da muke koyo a kansa. Danna ƙirji bai ba ni wuya ba, hannun da ya saba da sitiyari ne. Abin da ya kusa kayar da ni magana ce. Wai dole ka durƙusa, ka kalli fuskar mara lafiya, ka gaya masa ko kai wane ne, ka tambaye shi inda ke masa ciwo, kuma kada ka yi shiru har a isa asibiti. Ke kin san ni da magana. Na durƙusa gaban roba na ce masa sannu, ajin duka ya fashe da dariya. Sista ta ce ba za ta sa mini hannu ba sai na iya hira da shi ta minti goma.

Shi ya sa in an tashi nake tsayawa ni kaɗai a ajin. Na ba mutum-mutumin labarin ramukan hanyar gada, da yadda kike riƙe allura a baki kina yi mini faɗa. Ba ya katse ni. Da na lissafa, maganar da na yi da robar nan a makon nan ta fi wadda na yi da duk wani mai rai. Wannan ya ba ni dariya, daga baya kuma bai ba ni ba.

Ranar Laraba na fita daga aji ana tsakiyar darasi. Na ce da Sista cikina ne. Ba cikina ba ne. Zan gaya miki in na sami bakin faɗa.

Allah ya ba ki lafiya. A shafa mini kan yaran.

Naki,
Direbanki

*

Talata, bayan azahar

Telata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya. Ki yi haƙuri da jina shiru har mako biyar. Wannan wasiƙar ki karanta ke kaɗai. In kin gama, ki ba Ummi ko kada ki ba ta, yadda kika ga dama.

Darasin da na gudu daga cikinsa na shanyewar ɓarin jiki ne. Sista ta rubuta abu uku a allo. Ka ce da mutum ya yi murmushi, ka duba ko bakinsa ya karkace. Ka ce ya ɗaga hannu biyu, ka duba ko ɗaya na saukowa. Ka ce ya yi magana, ka ji ko harshensa ya yi nauyi. Sannan ta rubuta tambaya ɗaya da manyan baƙaƙe: ƙarfe nawa abin ya fara? Ta ce in an kai mutum asibiti cikin awa huɗu ko kusa da haka, akwai abin da likitoci ke iya yi, kuma da yawa hannunsu da bakinsu kan dawo. Ba kowa ba, amma da yawa. In lokacin ya wuce, sai dai a lallaɓa abin da ya rage.

Na san ƙarfe nawa naki ya fara. Bakwai saura kwata na safe, ina ɗaura igiyar takalmi. Kofin ya suɓuce daga hannunki. Kika yi mini magana ban gane ba, na yi dariya na ce har yanzu barci bai sake ki ba. Na ga bakinki ya ja gefe, da idona na gani, na ce kwanciya kika yi a kansa. Na ba ki ƙwayar ciwon kai, na kama ki na kwantar. Da zan fita na haɗu da maƙwabciyarmu ta kawo ɗinki, na ce kada ta buga miki ƙofa yau, kina hutawa. Na ja ƙofar na tafi, ina jin na kyauta miki.

Mutum huɗu na kai asibiti ran nan. Na kunna jiniya, na ratsa cunkoso, har aka yaba mini. Ke kuma kina ƙasa tsakanin gado da keken ɗinki har bayan la'asar. Daga gidanmu zuwa asibiti minti goma sha biyu ne in ni ke tuƙi. Da likita ya tambaye ni yaushe abin ya fara, cewa na yi na dawo na tarar da ke haka. A lokacin ban san nauyin tambayar ba, kunya kawai na ji. Yanzu na sani.

Abin da ya sa na iya rubutawa yau shi ne, an fara fita da mu aiki. Jiya da hantsi aka kira mu shagon wani mai aski. Almakashi ya faɗi daga hannunsa, maganarsa ta cakuɗe. Wanda yake yi wa askin ne ya kira, ga shi nan tsaye da rabin kai a aske, mutumin da ko sunansa bai sani ba. Na durƙusa na kalli fuskar mai askin. Na ce ya yi murmushi, na ce ya ɗaga hannu. Na tambayi lokaci na rubuta a bayan safar hannuna, goma da minti biyar. Abokin aikina ya ja motar, ni na zauna a baya, karo na farko a rayuwata. Na riƙe hannun da ya mutu ina ta yi masa surutu har muka isa. Yau da safe Sista ta ce ya motsa yatsunsa, ya kira sunan matarsa. Ta dafa kafaɗata a gaban aji. Ni kuwa na zagaya bayan gareji na zauna a kan tsohuwar taya na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata.

Shekara ashirin da uku ina ɗauke da irinki a bayana, da na ɗaga labulen nan sau ɗaya na tambayi nas me take dubawa, da wataƙila yau kina kan kekenki. Laifin ba na labulen ba ne, ke don in ci abinci kika ɗinka. Ni ne na ji daɗinsa har ya bi ni gida.

Saura mako uku jarrabawa, kuma ina jin zan ci. Amma ba zan iya kai wa Ummi takardar in ce a ba ni ke ba alhali ba ki san wannan ba. In kin ce ba za ki dawo ba, ba zan ga laifinki ba. Ki yafe mini in za ki iya.

Allah ya ƙara miki lafiya.

Mijinki

*

Alhamis da safe

Telata,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Yaya jikin? Saƙonki ya iso jiya, kwana goma sha shida ina zuwa tasha ina tambaya har direbobin sun fara tausaya mini.

Da na buɗe na ga takardata ce aka dawo mini da ita, na ɗauka amsar ke nan. Sai na juya bayanta. Ban taɓa ganin rubutunki na hagu ba. Baƙaƙen sun hau sun sauka, wani wurin biro ya huda takardar. Layi uku ne: Na sani. Ka sayi kofi. Zo.

Ummi ta haɗo da tata wasiƙar, doguwa, irin wadda ba ta taɓa rubuta mini ba. Ta ce tun makon farko a asibiti likita ya sake tambayarki, kika nuna masa bakwai da yatsun hagu, biyar sannan biyu, a gabanta, kuma ya gaya muku abin da hakan ke nufi. Ta ce ta miƙe za ta same ni a baranda, kika damƙe mata wuyan hannu har sai da ya yi shaida. Ba ki da baki a ranar, amma kin hana. Ta ce duk lokacin da na kira waya sai kin kafa mata ido har ta ajiye. Yanzu na gane gajeruwar gaisuwarta, kuma ki gaya mata ban riƙe ta da komai ba. Ta ce layi ukun nan kwana tara kika yi kina rubuta su, kin ƙi a taimaka miki.

Ni ina nan ina tausayin kaina, wai ina zaune ni kaɗai a gida. Ashe ke ce ke kaɗai. Fiye da shekara kina riƙe da wannan abu da hannu ɗaya, don kada ya faɗo a kaina.

Jarrabawa ranar Litinin ce. Ba zan jira takardar ba, in ta fito ta same mu a gida. Ranar Asabar bayan jarrabawar zan shigo motar farko. Na matsar da gadon kusa da taga, na kafa ƙarfen dafawa a banɗaki, na gaya wa maƙwabciyarmu ta riƙa buga ƙofar nan duk lokacin da ta ga dama, ko na ce kada ta buga. Labulen na wanke na ninke, na sa a aljihun kekenki, ke za ki san abin da za a yi da shi.

Kofin kuma na saya. Na roba ne, mai babban mariƙi. Na gwada shi da hannun hagu a shagon har mai kanti ya tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya lau, matata ce za ta dawo.

Sai na zo.

Naki,
Direbanki